Yadda Ake Haɗa Akwatin Rage Ƙarar Injin Zuƙar Ƙura a Shagon Kafinta

Wanda ya taɓa yini a shagon da ake aiki da injin zuƙar ƙura ya san irin kukansa. Zarton lantarki ma yana da ƙara, amma tasa ta ɗan lokaci ce, ka yanka ka kashe. Shi kuwa injin zuƙa, muddin ana gugar katako yana kunne, wani siririn kuka yake yi mai shiga har cikin haƙora. Da magariba ka koma gida kunnenka na ta shuuu, mai ɗaki na yi maka magana kana cewa "me kika ce?"

Ni dai ba kunnena ne ya sa na fara tunanin akwati ba, maƙwabci ne. Wani dattijo ne da ɗakinsa ke jingine da bayan shagona. Wata rana bayan azahar ya leƙo, muka gaisa, sai ya ce, "Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Amma wannan abin naku mai kuka, ba shi da magani ne? Kwana uku ke nan ban runtsa da rana ba." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, in sha Allahu za a duba." A ranar na tattara ragowar katako na buga akwati rufaffe ruf, na cusa soson tsohuwar katifa, na tura injin ciki na rufe. Ƙara kuwa ta faɗi. Ina ta jin daɗi, ba a yi minti 20 ba sai ƙauri. Da na buɗe ƙofa zafi ya daki fuskata kamar an buɗe tandar burodi, robar kan injin har ta fara laushi.

Daga nan na gane cewa buga akwatin ba shi ne aikin ba, wannan ko yaron shago zai yi. Aikin yana wajen yi wa iska hanyar da za ta bi ta shiga ta fita, amma sauti ya bi ta ya ɓata. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan ya tsaya.

Abin da ke tare sauti da abin da ba ya tarewa

Moton waɗannan injuna irin mai burushin gawayi ne, ɗan'uwan na injin huda da na gurenda, kuma yana juyawa fiye da sau 20,000 a minti ɗaya. Ƙaramar fankar da ke jikinsa ce take yanka iska da wannan gudun, shi ya sa kukan yake siriri. Wannan ma sa'a ce, domin siririn sauti ya fi saurin tarewa a kan kaurin ruri irin na babban janareta.

Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma yawancin injunan shago suna ba da desibel 80 zuwa 90 ga wanda ke tsaye kusa da su. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ba da shawarar iyaka a kan desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya tak. Wato wanda ke yini kusa da injin nan yana kan bakin iyaka ne, ko ma ya haura. A gefe guda kuma, ragin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an raba ƙarar biyu. Akwatin da aka yi da kyau yana rage 10 zuwa 15, wani lokaci fiye. Kada ka sa ran shiru kamar maƙabarta. Abin da za ka samu shi ne ka yi magana da yaronka ba tare da ɗaga murya ba, ka kuma ji kiran salla.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne ɗaukar soso a matsayin katanga. Nauyi ne ke tare sauti, abu mai laushi shanye shi kawai yake yi. Katako mai kauri shi ne zai hana ƙarar fita, abin da aka shimfiɗa a ciki kuwa aikinsa ya hana ta yin amsa-kuwwa tana taruwa a cikin akwatin. Sai an haɗa su biyun. Idan ka ninka nauyin bango, kusan desibel 6 kake ƙarawa a kan abin da yake tarewa. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke liƙawa babu abin da yake yi sai tara ƙura da kyankyasai.

Sai maganar kafa. Sauti kamar ruwa yake, ƙaramar ɓula ta ishe shi. Idan kafofin da ka bari suka kai kashi 1 cikin 100 na faɗin jikin akwatin, ko da ƙarfe ka yi shi ba za ka rage fiye da desibel 20 ba. Idan suka kai kashi 10, to 10 ce iyakarka. Shi ya sa wanda ya yi katako biyu-biyu amma ya bar ƙofa tana hangame ya yi asarar kuɗinsa.

Fara da gane irin injinka

Kafin ka sayi komai, kunna injin ka toshe bakin mesa da tafin hannu. Ɗaya hannun kuma ka kai shi kan ramukan da ke saman injin. Idan har yanzu kana jin iska tana fita, motonka yana da fankar sanyaya kansa daban, iskar da ke ɗauko ƙura ba ita ke sanyaya shi ba. Haka yawancin injunan da ke zuƙar ruwa da ƙura suke. Idan kuwa iska ta ɗauke gaba ɗaya, to irin na cikin gida ne, wanda iskar zuƙa ita ce take bi ta cikin moto ta sanyaya shi.

Sai ka duba ko yana da baki guda na fitar iska, zagayayye, wanda ake iya soka mesa a ciki. Idan yana da shi, ka yi dace, da shi za mu yi aiki. Bayanin da ke tafe na irin wannan ne. Masu ɗaya irin, akwai nasu a gaba.

Yanzu ka sauke manhajar auna ƙara a waya. Ka auna mita ɗaya daga injin, ka yi alama da alli a ƙasa, ka rubuta abin da wayar ta nuna. Waya ba ma'aunin ƙwararru ba ce, amma idan a wuri ɗaya ka tsaya kafin aiki da bayansa, bambancin da za ta nuna gaskiya ne.

Awo da kaya

Ka auna injin da mesarsa a soke, domin gwiwar mesa tana cin wuri, mutane kuma sukan manta da ita. A kowane gefe ka ƙara santimita 10: biyar na shimfiɗa, biyar na sararin iska. A sama ka bar sarari aƙalla santimita 15 tsakanin kan injin da shimfiɗar rufi, domin nan zafi ke taruwa. Misali, injin mai lita 30 da faɗinsa ya kai santimita 40, tsayinsa 55, zai so akwati mai ciki 60 da 60, tsayi 80.

Katakon da ya fi dacewa shi ne MDF, wato fallen da ake yi da niƙaƙƙen katako da gam a matse, mai kaurin milimita 18. Ya fi filawud nauyi, kuma nauyin muke nema. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 yana kai kilo 40 ko kusa da haka. A lissafi kamar falle ɗaya zai isa, amma wajen yanka ba zai fita ba, ka sayi biyu, ragowar za ta tafi a hanyoyin iska. A 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ba abu ne mai wuyar samu ba. Idan filawud kake da shi a ƙasa, yi da shi, amma ka liƙa masa falle na biyu a ciki, ko allon jifsam irin na silin. Aibin MDF ɗaya ne: ba ya shiri da ruwa. Da damina idan ya sha danshi kumbura yake yi kamar burodi, don haka fenti da tayoyi dole ne.

Za ka buƙaci tubaitu, wato sandan katako mai inci 2 da 2, na kusurwoyi, gam ɗin katako, sukurori, silikon, hinji uku masu ƙarfi, tayoyi huɗu, robar ƙofar mota ko ta firji, da maƙalai biyu irin na akwatin kayan aiki, waɗanda idan ka danna su suke janyo murfi su matse. Sakata ba za ta yi ba, rufewa take yi, ba ta matsewa. Sai fanka mai santimita 12 wadda ke aiki da wutar 220, irin ta cikin akwatin na'urori, da bututun roba na inci 4 kamar santimita 60, da wayar raga.

Maganar shimfiɗar ciki tana son a tsaya a kanta. Mafi kyau ita ce audugar dutse, wadda aka fi sani da sunan Rockwool, mai kaurin santimita 5. Tana shanye sauti sosai, kuma ba ta cin wuta. Sai dai tana ƙaiƙayi, ɓurɓushinta kuma bai kamata ya shiga moto ko huhu ba, don haka a sa safar hannu da takunkumi wajen yanka ta, a kuma lulluɓe ta da yadi mai barin iska ta wuce. Gwajin yadin mai sauƙi ne: kara shi a baki ka hura, idan iska ta fita ya yi. Idan ba a samu audugar dutse ba, tsohon bargo mai kauri ko shimfiɗar ƙarƙashin kafet a ninka su sau biyu ko uku za su yi aiki. Soson katifa yana shanye sauti, ban musa ba, amma idan ya kama wuta ci yake yi kamar an zuba fetur, hayaƙinsa kuma guba ne. A cikin akwatin da moto ke tartsatsi, ni na daina.

Buga jikin akwatin

Yanka ƙasa da rufi da gefe biyu da baya. MDF yana tsagewa idan aka ɗaura sukur a bakinsa, don haka ka sa tubaitu a kowace kusurwa ta ciki, ka huda kafin ka ɗaura, sukurori su shiga tubaitun. Kowace mahaɗa ta sha gam sosai har ya ɓulɓulo. Bayan ya bushe ka bi duk layin haɗi ta ciki da silikon, ka shafe da yatsa. Ka ɗaura tayoyi tun yanzu, domin idan an gama abin zai kai kilo 50, ba mai son juya shi.

Ƙofa ita ce gefen gaba gaba ɗaya, don injin ya fito ba tare da an ɗaga shi ba. A bakin akwatin, ta ciki, ka zagaya da tubaitu ta ɓangare huɗu, shi ne madafar da ƙofa za ta kwanta a kai. A kansa za a liƙa roba, zagaye guda, ba tare da giɓi a kusurwa ba. Kada ka ɗaura hinji sai roba tana wurin, in ba haka ba ɓangaren hinji zai matse da yawa, ɗaya ɓangaren ya hangame. Idan ka rufe, sa takarda tsakanin ƙofa da roba ka ja. Duk inda ta zare ba gardama, nan sauti zai bi.

A ƙasa ka shimfiɗa roba mai kauri, tabarmar mota ko tub ɗin taya a ninke, ka cire tayoyin injin ko ka yi musu gurbi don kada ya gangara. Injin kada ya taɓa bango ko kaɗan. Da ya taɓa, akwatin ya zama ganga.

Ramin mesa da salansa

Kada ka huda rami ka zura mesa kawai. Ka samo guntun bututu daidai da bakin mesar, ka huda ramin da zai shige shi da ƙyar, ka liƙe da silikon ciki da waje. Daga ciki wata gajeriyar mesa mai lanƙwasa ta haɗa shi da injin, daga waje kuma doguwar ta aiki. Mai lanƙwasa ake so a ciki don girgizar injin kada ta bi ta hau katako.

Iskar da injin ke fitarwa ita ce ta fi ɗauko ƙara, kuma tana ɗauke da kaso mai yawa na zafin. Don haka ba za mu bar ta ta zube a cikin akwati ba, waje za mu kai ta, ta cikin salansa. Haɗa shi ba wuya. Naɗe wayar raga ta zama bututu wanda faɗinsa bai gaza na bakin fitar iskar ba, ka lulluɓe ta da yadi, ka zagaye da audugar dutse ko bargo, ka tura duka cikin bututun inci 4. Idan ka leƙa ta baki ɗaya ka hango ɗaya bakin, hanya miƙaƙƙiya, babu abin da ya tare. Iska ta wuce, sauti kuma shimfiɗar gefe ta sha shi. Ramin fita a bayan akwati a yi shi kamar na mesa, da guntun bututu da silikon, salansar ta zauna a waje a jikin baya.

Idan shagonka na da bangon da za ka iya hudawa, kai bakin salansar waje, amma ba ɓangaren maƙwabci ba. Akwai riba ta biyu a nan: ƙurar da ta fi laushi, wadda filta ba ta kamawa, ita ma ta bar shagon. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo sankara tun 1995, kuma ta MDF tana da laushi ƙwarai.

Hanyoyin iska, inda aikin yake

Injin mai wat 1,200 wutar da yake ci daidai take da ta dutsen guga, kuma duk wutar nan a ƙarshe zafi take zama. Salansa ta fitar da wani kaso, saura kuma fankar moto tana watso shi cikin akwati. Idan babu sabuwar iska, moton zai riƙa shaƙar iskar da ya riga ya ɗumama, yana ƙara ɗumama ta, har ya ƙone. Abin da ya faru da akwatina na farko ke nan.

Ana buƙatar rami biyu: na shiga a ƙasa a gefe ɗaya, na fita a sama a ɗaya gefen, don iska ta ratsa akwatin ta wuce ta kan moto. Amma rami a buɗe kafa ce, mun kuwa ga abin da kafa ke yi. Maganin shi ne kowane rami a ɗora masa ƙaramin akwati ta waje, mai lungu-lungu a ciki kamar zauren gidan da: mai shiga ya karya hagu, ya karya dama, na waje ba ya hango tsakar gida. Iska ba ta damu da kwana ba. Siririn sauti kuwa miƙewa yake so, duk kwanar da ya ci karo da shimfiɗa sai ya bar wani abu a can.

Ga yadda nake yi. Akwatin lungu ya zama faɗi 56, tsayi 60, zurfi 15 ta ciki. A raba shi gida uku da katako biyu a kwance, kowane gida kamar santimita 19. Katakon farko ya tsaya saura santimita 15 ya kai bangon dama, na biyu ya tsaya saura 15 ya kai na hagu. Duk fuskokin ciki a liƙa musu shimfiɗa mai kaurin santimita 2 da rabi. Abin da zai rage wa iska shi ne hanya mai 14 da 10, wato santimita murabba'i 140. Ramin fanka mai santimita 12 kuwa 113 ne. Ƙa'idar ke nan: ko'ina a cikin hanyar, bayan an sa shimfiɗa, kada faɗin ya gaza na ramin fanka. Nan ne mutane ke ƙwauro, su yi siririyar hanya don su ƙara shiru, su shaƙe injin. Idan za ka yi kuskure, yi shi ta wajen faɗi.

A ɓangaren shiga, bakin waje yana gidan sama na lungun, ramin da ya shiga babban akwati yana gidan ƙasa. A ɓangaren fita akasin haka: ramin babban akwati a sama, bakin waje a ƙasa. Fankar a ɗaura ta ta cikin babban akwati a kan ramin fita, tana jan iska waje, don ita ma ƙararta ta bi ta lungu. A sa roba tsakaninta da katako. Bakunan waje duka biyu a rufe su da wayar raga, in ba haka ba ɓeraye za su gode maka da ɗaki mai ɗumi da katifa. Fuskar lungun ta waje kuma da sukurori za a ɗaura ta, ba gam ba, saboda ranar shara.

Idan injinka ba shi da baki guda na fitar iska, ko kuma irin na cikin gida ne, abin ya canza. Iskarsa cikin akwati za ta zube, ta cika shi, don haka ramin shiga ba shi da amfani, shi ma fita zai koma. Ka yi lungu ɗaya babba a sama, faɗin hanyarsa aƙalla ninki uku na bakin mesa, ka bar fanka. Hatsarin wannan tsari shi ne iskar sanyaya duka ta mesa take zuwa. Idan mesa ta toshe, ko ka haɗa ta da ƙaramin bakin injin guga, iska ta ragu, zafi ya hau. Ka huda ɗan rami a mahaɗar mesa wanda iska za ta riƙa shiga koyaushe. Zuƙa za ta ɗan ragu, moto kuwa zai yi tsawon rai.

Sai yanzu za a liƙa shimfiɗar babban akwatin: bango uku, rufi, da bayan ƙofa. Gam kaɗai ba ya riƙewa idan wuri ya yi zafi. Ka bi da sukurori masu faffaɗan wasa, ko ka danne da wayar raga, musamman ta rufi, wadda idan ta saki a kan ramukan moto za ta faɗo.

Wuta

A sa soket a cikin akwati, makunni a waje, makunnin jikin injin kuma a bar shi a kunne. Wat 1,200 a wutar 230 bai wuce amfiya 5 da ɗoriya ba, don haka waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 da filogi mai amfiya 13 sun isa, in dai masu kyau ne. Ramin da waya ta bi a cike shi da silikon. Na fi son makunni biyu, ɗaya na injin ɗaya na fanka, domin a bar fanka ta yi minti 5 bayan an kashe injin, lokacin da zafin da ke jikin moto yake fitowa. Amma a haɗa su yadda injin ba zai tashi ba sai fanka tana aiki. Idan ba ka saba da haɗa wuta ba, kira mai gyaran lantarki, aikin rabin awa ne.

Ka sa ƙaramin ƙwan fitila ja a waje. Za ka yi dariya, amma idan zarto na aiki ba za ka ji injin ba, kuma idan wuta ta ɗauke aka tashi aka bar makunni a kunne, cikin dare da an dawo da ita zai tashi shi kaɗai a rufaffen shago.

Wata magana a gefe, tunda na san wani zai yi tunaninta: wannan akwati ba na janareta ba ne. Janareta hayaƙi mai kisa yake fitarwa, da zafin da ya ninka wannan, ga fetur a tanki. Nasa lissafi daban ne.

Gwaji

Da dare ka kunna tocila ka ajiye a ciki, ka rufe ƙofa, ka kashe fitilar shago. Duk inda haske ya leƙo, silikon ko roba. Haka ma lungunan: haske bai kamata ya fito ta bakinsu ba. Sannan ka kunna injin, ka bi jikin akwatin da kunne a hankali, za ka ji inda ƙara ta fi fita. Yawanci ƙasan ƙofa ne. Sai ka koma kan alamar allinka ka auna.

Gwajin zafi ya fi na ƙara muhimmanci. Samo ma'aunin zafi mai doguwar waya, irin wanda masu injin ƙyanƙyasar ƙwai ke amfani da shi, ka rataya kansa kusa da ramukan da moto ke shaƙar iska, allon ya zauna a waje. Ka yi aiki na gaske, ba kunnawa kawai ba, kana dubawa a minti 10, 20, 30. Abin da kake so ka gani shi ne zafin ya hau ya tsaya. Idan ya tsaya a ƙasa da digiri 10 sama da na shagon, ka yi nasara. Idan yana ta hawa, kashe, ka faɗaɗa hanya ko ka ƙara fanka ta biyu a ramin shiga. Kuma gwajin da aka yi a sanyin Janairu ba hujja ba ne a Afrilu, lokacin da inuwa kanta takan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Da bazara ka sake gwadawa, ka kuma riƙa ba shi hutu duk bayan rabin awa.

Zama da shi

Abin da zai fara ba ka haushi shi ne buɗe ƙofa don zubar da dusa. Maganinsa bokitin tace dusa a waje, tsakanin mesar aiki da akwati. Akwai na sayarwa mai siffar mazurari, irin su Dust Deputy, akwai kuma wanda ake haɗawa da hannu da bokitin fenti mai lita 20: mesa ta shiga ta gefe don iska ta yi juyi, bututun fita a tsakiyar murfi, dusa ta faɗa ƙasa. Bokitin ya zama mai kauri, domin siriri lotsewa yake idan mesa ta toshe. Da wannan, sai ka yi makonni ba ka taɓa ƙofar akwatin ba.

Wannan ma yana da nasa haɗari. Da can idan mesa ta toshe ko filta ta cika, kukan injin yakan ƙara tsini ka gane nan take. Yanzu ba za ka ji ba. Ka saba da taɓa bakin mesa da hannu lokaci zuwa lokaci, ka kuma tsayar da rana ɗaya a mako, ni ranar Alhamis kafin a tashi, ka buɗe ka kakkaɓe filta, ka share raga, ka sansana ko akwai ƙauri. Kada a zuƙi tartsatsin gurenda ko toka mai wuta, domin garwashi ɗaya a cikin dusa zai yi ta ci a ɓoye, akwatin kuma ya hana ka gani da wuri. Kada yara su jingina fallayen katako a bakin lungu, ko su mai da saman akwatin wurin ajiye tina da fenti.

Bayan an gama za ka lura akwai sauran wani huci mai kaifi. Ba daga akwati yake ba, daga bakin mesa ne, inda iska ke kutsawa da gudu. Mesa mai faɗi tana rage shi, ƙaramin baki yana ƙara shi. Zarto da injin fere katako kuwa suna nan da ƙararsu yadda ka san su, sun ma fi injin zuƙar, don haka abin toshe kunne ya ci gaba da zama a rataye kusa da su.

Dattijon nan bai ce mini komai ba sai bayan kusan mako biyu. Muna fitowa daga masallaci ya riƙo hannuna ya ce, "Malam, ka sayar da abin ne?" Na ce, "A'a Baba, yana nan, ɗaki na yi masa." Ya ce in nuna masa. Ya zagaya akwatin, ya kara tafin hannu a bakin lungun fita ya ji ɗumin iska, sannan ya tambaye ni ko za a iya yi wa injin markaɗen da ke ƙarshen layi irinsa.